Bajon Masu Ɗinkin Takunkumi

Mahaifiyata ta zo Amurka ne don ta yi mini wankan jego, da niyyar ta koma Kafanchan kafin ruwa ya sauka ta samu ta yi shuka. Ba ta kai ga haɗa kayanta ba annobar korona ta rufe hanya. Jirage suka daina tashi, ta maƙale tare da mu a Hyattsville, a gidan haya na hawa na uku, ni da mijina da jaririya da ita. Tela ce. Shekarunta sun haura sittin, kuma tun tana budurwa take kan keken ɗinki. Zama babu aiki bai taɓa karɓarta ba. Takan tsaya a taga tana kallon filin ajiye motoci, ta ce garin nan kamar an yi rasuwa a kowane gida an kuma hana makoki.

Ni nas ce a wani asibiti a Largo. Hutun haihuwata ya ƙare daidai lokacin da abin ya yi tsanani. Takunkumin fuska da a da muke jefarwa da zarar mun fito daga ɗakin majinyaci, sai ga shi ana ba mu guda mu adana cikin jakar takarda mu maimaita. Manyan ƙasar a talabijin suna ta cewa yaƙi ake yi, mu ne sojoji. Asibitin ya yi kira ga duk wanda ya iya ɗinki ya taimaka da takunkumi na yadi da hulunan aiki, don masu shara da masu tura gado da masu raba abinci, a bar na kamfani ga waɗanda ke tsaye a kan marasa lafiya.

Wadda ta amsa kiran a cocinmu ita ce uwar zumunta, shugabar ƙungiyar mata. Mutuniyar Filato ce, matar likita, suna zaune a Largo cikin gidan kansu. Ta iya tsara abu, wannan ba na hana ta. Nan da nan ta buɗe guruf a waya, ta samo yadi da roba, ta raba aiki. Sai dai yawancin matan ba su iya ɗinki ba, iyakarsu yanka da guga. Da ta ji uwata tela ce, ta ɗauko keken lantarki da ke ajiye a garejinta ta kawo har ƙofarmu, ta ajiye, ta koma kan matakala ta tsaya daga nesa.

"Mama, Allah ne ya riƙe ki a ƙasar nan saboda wannan aiki," in ji ta.

Mama ta shafa keken kamar mai duba akuya a kasuwa. Ta ce, "To bari mu gani ko yana da ƙafa."

Teburin cin abincinmu ya koma shago. Muka riƙa cin tuwo a kan cinya. Ina fita da safe tana kan keke, in dawo da yamma tana kai, jaririya goye a bayanta. Da yadin da ake kawowa ya ƙare, ta buɗe akwatinta ta fito da atamfofin da ta zo da su, ta sa musu almakashi. Na ce mata ta bar ko ɗaya, ta ce zani ba ya numfashi.

A kwanakin nan ne ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce lokacin yaƙin basasa tana yarinya, jirgin ƙasa yakan sauke sojoji masu rauni a garinmu, matan coci kuma suna taruwa a barandar asibitin mishan suna yayyaga zannuwan gado, a dafa, a shanya, a naɗe bandeji. Kullum tana bin uwarta, kuma hannunta ya fi na manya sauri. Da yaƙi ya ƙare aka tara matan aka maƙala wa kowace ɗan bajo na ƙarfe a ƙirji. Ita ba a ba ta ba. Aka ce yarinya ce, uwarta take taya aiki.

"Kakarki ba ta taɓa zuwa sujada babu shi ba," in ji ta. "Da shi aka binne ta. Na roƙa a bar mini, kawunnanki suka ce nata ne."

Ta faɗa tana ciza zare, ba ta ɗago ba.

Cikin matan da ke kawo mata yankakken yadi akwai wata mutuniyar Pankshin da ke zaune a Wheaton. Tana aiki a shagon kayan abincin Afirka, mijinta kuma direban tasi ne. Ita kaɗai ce ba ta ajiye kaya ta juya. Takan zauna a matakala, Mama a bakin ƙofa, su yi ta hirar acca da gwate da tsadar daddawa a nan. Wani lokaci ta zo da kuka ko busasshiyar kuɓewa a leda. Mama ta saba da ita har tana kiranta 'yata. Da ta ji mijin yana ɗaukar fasinja duk yini a mota rufe, ta zauna ta ɗinka masa takunkumi na musamman, ninki uku, da 'yar waya a kan hanci don kada gilashin idonsa ya riƙa yin hazo.

Uwar zumunta kuwa takan zo ta kwashi abin da aka gama, ta kai falonta ta jera a kan kujera, ta ɗauki hoto ta sa a guruf da rubutun cewa ga aikin hannun matanmu. Mama ba ta damu ba. In na nuna mata hoton sai ta ƙara girmansa da yatsa tana neman inda ɗinki ya karkace.

Sai na kamu da cutar. Ban yi mamaki ba, kusan duk 'yan sashenmu sun kwanta. Na kulle kaina a ɗaki, mijina yana ajiye mini abinci a ƙofa, ina jin kukan 'yata ta bango. Washegarin ranar da sakamakon ya fito uwar zumunta ta tura saƙon murya a guruf. Na kunna shi da ƙarfi saboda kunnena ya toshe da zazzaɓi, ban san Mama tana tsaye bayan ƙofa da kofin shayi ba.

Ta fara da addu'a a kaina. Sannan ta ce duk wadda ke da wani abu da ya fito daga gidanmu, takunkumi ne ko hula, ta ɗaure a leda ta jefar, kada ma ta tsaya wankewa. Ta ce ta daɗe tana jin tsoron gidan nan, ɗaki ƙanƙane, mutane a cushe, tsohuwa kuma ba ta saba da tsabtar nan ƙasar ba, da bakinta take yanke zare.

Mata suka fara amsawa da amin. Wadda ta fara turo hoto ita ce matar direban. Leda ce a cikin kwandon shara, an ɗaure bakinta, amma ana hango atamfar ta jikin ledar. Ta rubuta cewa ta jefar da duka, har na maigida, Allah ya tsare mu.

Mama ta ce daga bayan ƙofa, "Me suka turo? Na ji wayar tana ta ƙara."

Na ce ba komai. Ta je ta karɓi wayar mijina, tunda shi ma an sa shi a guruf ɗin saboda kai kaya, ta gani da idonta.

Da yamma uwar zumunta ta zo karɓar kekenta. Ba ta hau ba. Ta kira a waya ta ce a sauko da shi a ajiye a gefen mota. Mijina yana wurin aiki, ni ba na iya tsayuwa. Ta taga na ga uwata ta fito rungume da keken, tana saukowa matakala ɗaya bayan ɗaya, tana jingina da bango tana hutawa. Matar nan tana zaune a mota, gilashi a rufe. Sai da Mama ta koma ciki sannan ta fito da safar hannu, ta feshe keken da magani ta ko'ina, ta sa a but ɗin motar.

Na ɗauka aiki ya ƙare ke nan. Amma da na fara samun sauƙi na leƙo falo, na tarar da Mama da allura da zare tana ɗinki da hannu. Yatsunta sun kumbura, tana kai yadin kusa da ido. Na ce wa za ta ba, tunda an ce a jefar.

"Masu shara a asibitinku sun daina numfashi ne?" ta tambaye ni.

Ita ba ta kamu ba, haka mijina da jaririya. Da na warke na koma aiki, uwar zumunta ta ga abin da matan ke haɗawa bai taka kara ya karya ba, sai ga ta da keken a ƙofarmu. Ba ta ba da haƙuri ba. Cewa ta yi, "Mama, kin san ƙa'idar likitoci ce, ba ni na ƙirƙiro ba." Ta kwashi waɗanda aka ɗinka da hannu ta tafi da su. Mama ta jawo keken ta jona. Matar direban ba ta ƙara zuwa ba. Bayan wasu makonni muka ji mijinta yana asibiti a kan na'urar numfashi, daga baya kuma muka ji ya rasu. Ta waya muka kalli jana'izar. Mama ta yi hawaye, ta sa na tura gaisuwa.

Wajen ƙarshen lokacin zafi abin ya ɗan lafa. Ofishin masu aikin sa kai na asibitin ya ce zai karrama waɗanda suka yi ɗinki, za a ba kowa bajo. Uwar zumunta ta sanar a guruf cewa kowace mace ta zo ranar Asabar da safe cikin ankon zumunta, a filin motocin asibiti za a yi, a sarari. Mama ba ta da ankon reshen nan, don haka ta ɗauki nawa ta rage shi daidai jikinta. Ta sa na kitse mata kai, ko da yake ɗankwali zai rufe. A mota ta tambaye ni ko a hagu ake maƙalawa ko a dama, ta ce na kakata a hagu yake.

Mun iso an jera kujeru nesa da juna. Uwar zumunta ta hango mu ta taho da sauri, ta ja mu bayan wata mota.

"Sista, ai na ɗauka kin gane ba sai na faɗa ba," ta ce da ni. "Ban ba da sunan Mama ba."

Na ce saboda me.

"Da bizar ziyara take, kuma lokacinta ya wuce. In sunanta ya shiga takardar asibiti a ce ta yi aiki, kin san ƙasar nan."

Na ce mata mun nemi ƙarin lokaci tun kafin ya ƙare, muna da shaida, kuma ba wanda ya biya Mama, aikin sa kai ne.

"Ni ba lauya ba ce," in ji ta. "Ba zan ɗauki alhakin tsohuwa ba. Gobe in aka hana ta shigowa ni za ku zaga." Ta juya wajen Mama ta sassauta murya. "Mama, don kare ki na yi. Ki tsaya nan wajen motoci, akwai masu hoto, kada fuskarki ta fito. Ladanki yana sama."

Muryata ta fara tashi. Mama ta riƙe mini hannu ta matse.

"Kada ki yi mini hayaniya a gaban baƙi," ta ce.

Muka tsaya a wurin. Wata daga cikin matan ta zo wucewa, ta ga Mama tsaye ba ta yin komai, ta miƙa mata jakarta ta ce ta riƙe mata don ta ji daɗin ɗaukar hoto. Wata ta gani ita ma ta kawo tata. Kafin a fara taron uwata tana tsaye a rana cikin anko, jakunkunan mata rataye a hannuwanta biyu. Na ce ta ba ni, ta ƙi.

Wata Baturiya daga ofishin ta yi jawabi. Ta ɗaga takunkumi ɗaya na atamfa mai ruwan goro ta ce ma'aikata har rububin irin wannan suke yi saboda ba ya cin kunne. Na san zanin, da shi Mama ta sauka daga jirgi. Uwar zumunta ta karɓi makirufo ta ce matan Afirka haka suke, ba sa gajiya. Aka fara kiran suna. Bajon ɗan ƙarami ne, shuɗi, da hoton hannu riƙe da zuciya. Matan da suka yi yanka da guga suka karɓa, ban ji haushinsu ba. Matar direban ta karɓa cikin baƙaƙen kaya, aka yi mata tafi mai tsawo. Can aka kira 'yar uwar zumunta, budurwar da ke shirin neman jami'a, wadda ban taɓa ganin ko inuwarta a aikin ba. Daga baya na ji uwar tana gaya wa wata cewa jami'o'in nan suna son ganin irin wannan a takardun yaro.

Da aka tashi matan suka zo karɓar jakunkunansu, kowace da bajo a ƙirji, suna cewa sannu Mama, Allah ya saka. Ta amsa wa kowace. Da muka kusa gida ta ce in tsaya ta sayi ayaba.

Ranar Lahadi da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar direban ce. Ta rame har wuyanta ya fito. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaida Mama, ta buɗe tafin hannunta, bajon yana ciki.

"Mama, naki ne. Ni yanka kawai na yi. Tun jiya na kasa cin abinci."

Mama tana zaune a kujera, ba ta ce ta shigo ba. Ta dubi hannun ta daɗe.

"Sunan wa aka kira da aka ba ki?"

"Sunana, Mama."

"To naki ne. Ban zo ƙasar nan roƙo ba."

"Don Allah ki karɓa, ko zuciyata ta kwanta."

"Ki kai shi inda kika kai wancan," in ji Mama. Muryarta ba ta tashi ba. "Ninki uku na yi wa mijinki. Na zauna na lanƙwasa waya da hannuna don ya ga hanya. Kika ɗaure a leda kika ɗauki hoto don matar likita ta yaba miki. Da me ya fita aiki washegari? Da kin bar masa a fuska, wa ya sani ko da yanzu yana zaune yana cin tuwonki."

Na ce, "Mama."

Matar ba ta yi kuka ba. Ta tashi tana dafa bango. Na bi ta har ƙasa ina ce mata ba haka ba ne, ni nas ce, na ga waɗanda suka rufe fuska da kayan kamfani ma sun tafi, ba wanda ya san inda ya ɗauka. Ta tsaya a bakin motarta tana neman makulli a jaka, ta kasa samu, alhali yana hannunta.

"Da gyale ya fita," ta ce. "Ya ɗaura gyalena. Ya yi ta tambayata ina na Mama."

Na koma sama na tarar Mama tana ba jaririya kunu. Na ce mata abin da ta faɗa ba zai bar matar nan ba har ta mutu. Ta ce ita ma akwai abubuwan da ba za su bar ta ba, kowa ya riƙe nasa.

Maganar ta zaga coci kafin mako ya fita. Ba wanda ya ƙara tuna filin motoci. Abin da ake faɗa shi ne tsohuwar Kafanchan ta ce wa gwauruwa ita ta kashe mijinta. Uwar zumunta ta tura saƙo a guruf, ba ta kama suna ba, ta ce mu yi addu'a domin masu yin aikin Allah don a gan su. Fasto ya kira ni ya ce ya kamata Mama ta nemi gafara. Na gaya mata, ta ce in ce masa ta ji. Ta sa mijina ya mayar da keken Largo tun ba a tambaya ba, ta share teburin, muka koma cin abinci a kansa. Daga nan har aka buɗe hanya ba ta ƙara riƙe allura ba. Ko maɓallin rigar mijina da ya cire, ni na mayar.

Matar direban ta bar cocinmu, daga baya ta bar Wheaton gaba ɗaya ta koma wajen wanta a wata jiha. Na kira ta ba sau ɗaya ba, ba ta ɗauka ba. Uwar zumunta har yau ita ce uwar zumunta, kuma duk Lahadi takan tambaye ni ya Mama.

Bayan Mama ta koma gida da wasu watanni ƙanena ya kira ni yana dariya, ya ce ashe an karrama tsohuwa a Amurka ban gaya musu ba. Na ce wa ya faɗa. Ya ce ita. Duk wanda ya zo yi mata barka da dawowa sai ta ba shi labari: asibitin Turawa ya tara jama'a, aka kira sunanta, aka maƙala mata bajo shuɗi, amma ya ɓace a cikin kaya wajen binciken filin jirgi.

Ranar Kirsimeti na kira ta ta bidiyo. Tana zaune a tsakar gida, matan zumuntarsu na can sun kewaye ta da kwanukan shinkafa. Muna cikin gaisawa ta juya wayar ta fuskance su.

"Ga ta nan, a gabanta aka yi," in ji ta. "Gaya musu abin da aka ba ni."

Fuskoki suka matso, wasu na san su tun ina ƙarama. Na ce an ba ta bajo, shuɗi ne, da hoton hannu riƙe da zuciya. Wata tsohuwa ta tambaya a wane gefe aka sa mata. Na ce a hagu. Suka yi guɗa, Mama ta juyo da wayar ta ce in kawo mata jikarta ta gani.